Wace a-kori-kura ce za ta ja min tirelar kwana da iyalina a ciki?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara biyu ke nan muna da niyyar sayen tirelar kwana, irin wadda ake maƙala wa mota a ja ta, mai gadaje da ɗan kicin da banɗaki a ciki, don mu riƙa fita da iyali lokacin hutun yara. Mun ga wadda ta kwanta mana a rai. Tsawonta mita 8, an rubuta nauyinta ba kaya kilo 2,450, iyakar abin da aka yarda ta kai da kaya kuma kilo 3,200. Saura mota. Jiya na je kallon wata a-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin ajin su F-150 da Silverado 1500 da Ram 1500. Mai sayarwa ya ce min tana jan kilo 5,000 ko nishi ba za ta yi ba. Da na yi lissafi sai na ga akwai rarar kusan tan biyu. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, domin ni da maiɗakina da yara uku ne za mu kasance a ciki. In saya ne, ko akwai abin da ban hango ba?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka ba da kuɗi tukuna. Ka koma wurin motar nan, ka buɗe ƙofar direba, ka sunkuya ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Za ka ga sitika biyu. Ɗaya tana faɗin iskar taya, a samanta kuma an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar za ta ɗauka. Ɗayar tana da GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da duk abin da ta ɗauka, da GAWR, wato iyakar nauyin da zai sauka a kan kowane aksil, na gaba da na baya. Ka ɗauki hotonsu ka karanto mana. Kafin nan babu wanda zai ba ka amsar gaskiya a nan, ko ni.

Baban Yara:
To Baba, zan koma gobe in sha Allah. Amma don in fahimta, me ya haɗa abin da take ɗauka da abin da take ja? Ai tirelar tana da tayoyinta.

Tsohon Direba:
Ka taɓa tsayawa ka kalli jaki da amalanke? Kayan yana kan tayoyin amalanken, amma sandunan gaba suna kwance a gadon bayan jakin. In aka tura kayan gaba da yawa, sai ka ga jakin ya durƙushe tun bai motsa ba. In aka mayar da su baya, sandunan su ɗaga sama, wani lokaci har da jakin, ƙafafunsa na reto. Haka tirela take. Wuyanta yana kan ƙugiyar da ke bayan motarka, kuma wannan nauyin lodi ne a kan motar, daidai da a ce buhuna ka jibga mata a can ƙarshen bodi. Tirelar kwana tana buƙatar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya sauka a wuyan nan, in ba haka ba za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan titi. Na yi shekaru ina tuƙa manyan motoci, kuma abin da na gani shi ne ƙananan a-kori-kura lodinsu ne ke ƙarewa tun ƙarfin jansu bai ƙare ba.

Mai Dizal:
Ni ban ga abin dogon zance ba. Malam, ka tsallake wannan ajin gaba ɗaya ka ɗauki aji na gaba, 2500 ko F-250 mai dizal. Tawa Ram ce mai injin Cummins 6.7, ina jan tirelar da ta fi taka girma, kuma sai na kalli madubi nake tuna tana biye da ni. Babbar mota ba ta taɓa sa mutum nadama a kan hawa.

Baban Yara:
Na dawo. Baba, a sitikar an rubuta kilo 640. GVWR kuma 3,220. Na nuna wa mai sayarwar, sai ya ce wannan lambar ba ta shafi ja ba, in duba littafin talla kawai.

Ɗan Lissafi:
Ta shafe shi ƙwarai, Yaya. Bari mu zauna da alƙalami.

Wancan 2,450 da aka rubuta wa tirelar nauyinta ne yadda ta fito daga masana'anta, kuma ba za ka taɓa janta a haka ba. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, in tankinta na cin lita 150 ka ƙara kilo 150. Tukunyar gas ƙarama in ta cika ta kai kilo 17, kuma biyu ake ɗora musu a wuya, kusa da batir. Sai kayan sawa na mutum biyar, tukwane, barguna, kujerun waje, igiyar wuta, tiyo. Iyali irin naka da wuya su tashi ba su kai tirelar kilo 3,000 ba. Mu ɗauki kashi 13 a wuya, kilo 390 ke nan.

Yanzu ka ɗora a kan motar: wuyan tirela 390, ƙugiya mai raba nauyi da sandunanta, waɗanda ke rage wa bayan mota nauyin wuyan, wajen 40, kai da Hajiya da yara mu ce 260. Mun kai 690, mun wuce 640 ɗin da kilo 50, alhali ba ka saka ko keken yaro ɗaya a bodi ba. In ka ƙara janareta da akwatin kayan gyara da kekuna, wani 120 ne. In ka sa wa bodin murfi, wani 40. Jimla 850. Kuma yaran nan girma suke yi, wanda yake kilo 35 bana zai zama 55 nan da shekara uku.

Sabon Shiga:
Ku gafarce ni, ni ma koyo nake. Ke nan kamfanonin ƙarya suke yi da suke cewa 5,000?

Ɗan Lissafi:
A'a ƙanena, lambar gaskiya ce, sai dai ka san sharuɗɗan da aka same ta a kai. Da can kowane kamfani da irin awonsa. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ƙa'ida ɗaya mai lamba J2807. Toyota ce ta fara bin ta a 2011, Ford da GM da Ram suka bi sahu a ƙananan a-kori-kurarsu na 2015. Gwajin ba wasa ba ne. A ciki akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona ta Amurka, kusan kilomita 18 ana hawa, cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyaya mota a ƙure, kuma gudun motar kada ya sauka ƙasa da kilomita 64 a awa. Ana gwada tashi a kan tudu, da birki, da yadda take riƙe kanta a kwana.

Amma a lissafin mutum biyu ne kacal a cikin motar, kowanne kilo 68, bodi babu komai, wuyan tirelar kuma kashi 10. Sannan babbar lambar da ake bugawa a talla ta mota ɗaya ce tak cikin jerin, mai wani inji da wani aksil na musamman. Misali F-150 ta 2021 an yi mata tallar jan laba 14,000, wato kilo 6,350, amma ba kowace F-150 ta wannan shekarar ce ke da wannan lambar ba. Duk abin da aka ƙara wa mota, rufin gilashi, kujerun fata masu lantarki, giyar ƙafa huɗu, manyan tayoyi, daga lodinta ake cire shi. Shi ya sa wadda Yaya ya gani, da yake ta sha ado, ta tashi da 640 kawai.

Baban Yara:
Gaskiya ne, har da rufin gilashi tana da shi. Shi ne ma abin da ya fara burge yara.

Sabon Shiga:
To ba sai a ƙara mata sifirin a baya ba, ko a sa mata balan-balan ɗin iskar nan da ke ɗaga baya?

Makanike:
Wannan tambayar kullum sai an yi min ita a gareji. Balan-balan zai ɗaga bayan motar ta daidaita a ido, ya rage mata tsalle. Iyakarsa ke nan. Aksil ɗin bai canja ba, boris ɗin cikinsa bai canja ba, birki da taya da shasi duk suna nan yadda suke. Lambar da ke kan sitika ba ta ƙaru da kilo ɗaya ba. Illarsa ma ita ce yana ɓoye maka alamar da za ta gaya maka ka yi lodi fiye da kima. Na sha kwance aksil ɗin baya in tarar da man ciki ya yi baƙi yana warin ƙuna, boris ya yi shuɗi saboda zafi, mai motar kuma yana rantsuwa motarsa ba ta taɓa zama a baya ba.

Sai taya. Yawancin motocin wannan ajin suna fitowa da tayar da lambarta ta fara da P, irin ta ƙananan motoci, gefenta da laushi don jin daɗin tafiya. In an ɗora tirela sai ka ji bayan motar yana rawa kamar kana tafiya a kan katifa. Taya mai LT ta fi ƙarfin gefe, tana rage wannan rawar sosai. Ita ma dai ba ta ƙara lodin da aka rubuta.

Mai Dizal:
Kun ga abin da na faɗa tun farko. Duk wannan ƙididdigar ta ɗan kilo hamsin ba ta taso ba in ya sayi babba. Kuma ba wanda ya yi maganar gangare. Hawa kowa na iya hawa a hankali, saukowa ce ke kashe mutane. Dizal ɗin manya suna da birkin salansa, ka danna maɓalli injin da kansa ya riƙe motar da tirelar, ƙafarka ba ta taɓa birki ba har ka sauka. Wanda ya taɓa jin warin birkin da ya ƙone a tsakiyar dogon gangare da iyalinsa a baya ba zai yi min musu ba.

Makanike:
Alhaji, a maganar birkin salansa ban ja da kai ba, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ka faɗa masa sauran. Injin dizal na waɗannan manyan ya fi na fetur nauyi da kilo 300 zuwa 400, kuma da yawa daga cikin 2500 an tsayar da GVWR ɗinsu a laba 10,000, wato kilo 4,536. Wannan ƙarin nauyin daga lodi ake zare shi. Za ka tarar da 2500 mai dizal da ta sha ado lodinta bai fi na wata 1500 marar ado da wani abin kirki ba. Mai fetur a wannan ajin ita ce ke da lodi mai yawa.

Na biyu, Malam ya ce lokacin hutun yara zai riƙa fita. Sauran wata goman fa? Dizal na zamani yana da matatar hayaƙi a salansa, wadda sai an yi doguwar tafiya ta yi zafi take ƙone baƙin hayaƙin da ta tara ta wanke kanta. In aikin motar kai yara makaranta ne da zuwa ofis, tafiyar minti goma, matatar toshewa take yi, fitila ta kama a dashbod, motar ta rage ƙarfi. Ga ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi da za a riƙa zuba mata. Irin waɗannan motocin suna zuwa wurina da yawa, kuma mafi yawansu rashin aiki ne ya kawo su. Kai kana ja kusan kowane mako, dizal ya dace da kai. Tirelar tan uku sau huɗu a shekara ba ta buƙatarsa.

Mai Dizal:
Na karɓi maganar gajeriyar tafiya, Oga. Amma ina nan a kan bakana cewa da ya zauna a bakin iyaka gara ya hau aji na gaba, ko da mai fetur ce.

Mai Hilux:
Ni fa ina mamakin yadda kuka manta da matsakaita. Hilux da Ranger da D-Max duk an rubuta musu jan kilo 3,500 in tirelar na da birki. Tasa 3,200 ce a ƙure. Ga sauƙin mai, ga sauƙin fakin. Me ya hana?

Ɗan Lissafi:
Akwai lamba ta uku, Malam, wato iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Wasu na rubuta GCWR, wasu GCM. Ɗauki misali motar da aka ba ta 6,000 a haɗe, ita kanta kuma nauyinta 2,100. In ta ja 3,200, saura 700 na mutane da kaya, wannan ya yi. In ta ja 3,500 ɗin da aka yi talla, saura 400. Ta wannan fuskar za ta iya tsallakewa da ƙyar. Inda nake jin tsoro shi ne tsawo. Tazarar tayar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu mita 3.085 ce. A F-150 mai ƙofa huɗu da gajeren bodi ta kusa mita 3.7. Masu jan tirela suna da wani awo na al'ada, ba doka ba ce: tazarar mita 2.8 ga tirelar mita 6, sannan a ƙara santimita 10 a kan kowane ƙarin santimita 30 na tirela. Tirelar mita 8 tana neman kusan mita 3.5 ke nan. Gajeriyar mota marar nauyi a gaban doguwar tirela, in iska ta bugo daga gefe, tirelar ce za ta riƙa juya motar.

Maman Biyu:
Tun ɗazu nake karantawa, bari in faɗi abin da ya same ni, don ni nake tuƙa tamu mafi yawan lokaci.

Shekararmu ta farko, mun ɗaura kekuna uku a bayan tirela, tankin ruwanta kuma yana bayan tayoyi, mun cika shi fal. Ban san cewa na rage nauyin wuya ba. Muna saukowa wani ɗan gangare, gudu bai wuce 95 ba, sai wata doguwar motar kaya ta zo wuce mu. Na fara jin kamar an tura bayan motar gefe, sannan aka janyo shi. Na kalli madubin hagu na ga gefen tirelar gaba ɗaya, har da tagar kicin, abin da bai kamata in gani ba. Na kalli na dama, nan ma ta bayyana. Kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Ƙaramar 'yata ta daina magana, ta riƙe kujerar gabanta da hannu biyu. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta, Allah ya taimake ni na tuna abin da wanda ya haɗa mana na'urar birkin tirela ya nanata min. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe ban biye mata ba, na kai hannu na matse ɗan makunnin da ke kama birkin tirelar ita kaɗai. Sai na ji ta ja mu ta baya, ta miƙe tsaf. Na gangara gefen titi na tsaya, na fi minti goma hannuna na karkarwa.

Motarmu a takarda tana jan fiye da tirelar da tan ɗaya da rabi. Wannan rarar ba ta yi min komai ba a ranar. A wurin muka sauke kekunan muka mayar da su bodin mota, muka zubar da rabin ruwan. Baban Yara, duk motar da za ka saya ka tabbata tana da na'urar birkin tirela a inda hannunka zai kai ba sai ka duba ba, kuma ka koya wa maiɗakinka ita ma.

Tsohon Direba:
Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Abin da kika yi shi ne daidai. Da kin taka birkin mota da ƙarfi, tirelar za ta taho ta ture ku ta gefe, su naɗe kamar wuƙar aljihu. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a kan tayoyi ko ɗan gaba da su, wajen kashi 60 na kayan a rabin gaba. Kuma gudu shi ne abincin wannan kaɗawar. Tirelar da take lafiya a 85 tana iya haukacewa a 105.

Baban Yara:
Hajiya, na karanta wa maiɗakina labarinki, ta yi shiru. Na gode. Yanzu ga inda nake. Na sami wata a wannan ajin dai, marar rufin gilashi, kujerun yadi, sitikarta ta ce kilo 880. Tana da na'urar birkin tirela daga kamfani da babban lagireto. A lissafin ƙanena ina buƙatar 850. Ke nan ta isa?

Ɗan Lissafi:
Ta isa da kilo 30, Yaya. Ranar da kuka ɗauki baƙo ɗaya kun wuce.

Mai Dizal:
Shi ya sa na ce aji na gaba.

Maman Biyu:
Ko kuma ƙaramar tirela. Kowa yana ta ƙara girman mota, ba wanda ya tambayi ko dole ne sai mai mita 8. Mu da muka canja, ƙarama muka koma, mai gadaje masu hawa biyu na yara. Yini ake yi a waje, barci da wanka kawai ke shigo da mutum ciki. Ƙarama ta fi sauƙin ja da baya, ta fi samun wurin tsayawa, kuma motar da za ka yi sauran shekara kana shiga gari da ita ba za ta zame maka kaya ba. In akwai masu ba da haya kusa da kai, ka ɗauki ɗaya na kwana biyu kafin ka sayi komai. Gani ya kori ji.

Makanike:
Ina bayan Hajiya. In kuma ka tsaya a kan mai 880 ɗin, ga abin da za ka duba kafin ka biya. Ka leƙa ƙarƙashin bamba, ita ma ƙugiyar tana da tata sitikar, da lamba biyu: nauyin wuya in babu sandunan raba nauyi, da in akwai su. Ka tambayi lambar aksil, wato lissafin giyar da ke cikin aksil ɗin baya. 3.55 ko 3.73 ko 3.92 sun fi 3.21 ko 3.31 daɗin ja, don injin ba ya wahala wajen tashi kuma giya ba ta yawan neme-neme a kan hawa. Ka tabbata akwai soket mai baki bakwai, da madubin da ke miƙewa waje. In ta hannu ce, ka sa a zaro man giyabos a gani, ja ne mai haske ko ya koma ruwan ƙasa yana wari. Zafi ne ke kashe giyabos, kuma ja ne ke kawo zafin. In kana ja, ka danna maɓallin ja da ke jikin giya, zai hana ta saurin hawa babbar giya, a gangare kuma ya sauko da ita ya taimaki birki.

In za ku riƙa zuwa wurare masu tsaunuka, inji marar turbo yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na yin sirara. Mai turbo bai cika jin wannan ba. Amma kar ka yarda da wanda zai ce maka ƙaramin inji mai turbo zai sha mai kaɗan yana ja. Gaban tirelar kwana bango ne, iska ce kake turewa, kuma in ka ninka gudu turjiyar iskar ninki huɗu take yi. Ka sa ran shan mai zai kusa ninkawa ko wane inji ne, don haka in akwai zaɓin babban tanki ka ɗauka.

Sabon Shiga:
Masu lantarki fa?

Ɗan Lissafi:
Ƙarfin ja suna da shi har ya yi yawa. Matsalar nisa ce, da tirela irin wannan tafiyar da caji ɗaya ke yi tana raguwa zuwa rabi ko ƙasa, kuma wuraren caji da yawa sai ka kwance tirelar kafin ka shiga. Wani abin kuma da ban ji an ambata ba shi ne lasisi. Ya danganta da ƙasar da mutum yake. A Tarayyar Turai, misali, lasisin B na gama-gari yana tsayawa a kilo 3,500 na mota da babbar tirela a haɗe, B96 ya kai 4,250, sama da haka sai BE. Kowa ya duba dokar inda yake, da abin da inshorarsa ta ce.

Baban Yara:
Assalamu alaikum, na dawo bayan mako biyar. Mun bi shawarar Hajiya mun yi haya, kuma tun daren farko muka gane mai mita 8 ta fi ƙarfin buƙatarmu. Na sayi motar mai 880, muka ɗauki tirela mai mita 6 da rabi. Jiya muka loda komai kamar za mu yi tafiya, da yara da ruwa da gas, muka je sikelin manyan motoci muka hau sau uku kamar yadda Baba ya koya min ta waya.

Mota ita kaɗai da mu a ciki: gaba 1,480, baya 1,240.
Da tirela, sanduna a kwance: gaba 1,360, baya 1,670, tayoyin tirela 2,090.
Da sanduna a ɗaure: gaba 1,440, baya 1,550, tayoyin tirela 2,130.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne awo na biyu. Wuyan kilo 310 ne, amma aksil ɗin baya ya ƙaru da 430, gaba kuma ya rasa 120. Na ji shi a hannuna ma, a ɗan zagayen da na yi cikin filin sitiyarin ya yi sakayau kamar ba ya taɓa ƙasa. GAWR na baya 1,720 ne, GVWR ɗinta kuma ita ma 3,220.

Ɗan Lissafi:
Ma sha Allah. Tirelar 2,400 ce cif, wuya kusan kashi 13. Ƙarin da ka gani a baya saboda ƙugiyar tana can bayan aksil ne, tana danna baya tana ɗaga gaba kamar lilon katako na yara. Da sanduna motar ta tashi 2,990 a cikin 3,220, saura 230. Aksil ɗin baya saura 170. Sandunan sun mayar wa gaba 80 daga cikin 120 da ya rasa. Ka duba littafin motar, wasu kamfanoni rabi suke so a mayar, wasu duka, kar ka ƙara ɗaurewa sai ka gani.

Mai Dizal:
Allah ya sa alheri, Malam. Lambobin sun yi kyau, ban da abin cewa. Ranar da yaran suka girma kuka nemi babba, ka neme ni.

Tsohon Direba:
Madalla, ɗana. Saura abu ɗaya. Tirelar sabuwa ce ko ta hannu? In ta hannu ce ka duba gefen tayoyinta, bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, don zama take yi a rana wata da watanni. Ka duba har da safaya. Kuma ka sake ɗaure notocin tayoyin bayan kilomita 80 na farko.

Baban Yara:
Ta hannu ce, Baba. Yanzu na fita da tocila na duba. Huɗun an rubuta 1819, safayar kuma 4417, kuma na ga ƙananan tsaga a gefen biyu daga ciki. Na kira mai taya, ranar Asabar zan kai ta a canja duka biyar ɗin kafin mu tashi.